Yadda Za Ka Ɗora wa Direba Laifi Ka Tsira da Sunan Injiniya

Kai da 'yan gida ke kira Injiniya don ka taɓa canza batirin rimot, matso kusa. Yau kwamfutar Yayarka ta ƙi tura saƙo. Wayifai ya nuna sanda huɗu cif, amma duk abin da aka aika sai ya tsaya a ƙofa. Takardar neman aikinta kuwa sha biyu na rana za a rufe karɓa, ga sha ɗaya ta gota. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunan Injiniya ba zai bar gidanku ba.

1. Haɗe rai

Kar ka taɓa komai tukuna. Zauna, ja numfashi, ka ce, "Tabɗijam!" Gwani ba ya murmushi a gaban kwamfuta.

2. Kashe, kunna

Sau uku. In Yaya ta ce, "Ai tun safe nake yin wannan," ka ce mata hannun kowa daban.

3. Faɗi gaskiya, amma a dunƙule

Matsalar daga direba take, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da wayifai. Kar ka kuskura ka yi bayani, bayani na rage kwarjini. Ɗaga murya kawai: "Direban ne! Ya ƙi aiki. Sai an cire shi an sa sabo."

4. Yi kamar ba ka ga fitar Goggo ba

Tana zaune a gefe, ta ji ka sarai. Ta nufi tsakar gida, inda direban Baba ke wanke mota. Za ka jiyo ta: "Malam Direba, me yarinyar nan ta yi maka? Shekara goma sha huɗu muna zaman lafiya, yau ka tare mata saƙo?"

Shi kuma: "Hajiya, wallahi mota nake wankewa!"

Kai dai ci gaba da danne-danne.

5. Cire direban

Na kwamfutar nake nufi. Danna, goge shi tas. Madalla! Yanzu ne za ka tuna cewa sabon a intanet ake sauke shi, intanet ɗin da ka gama kashewa da hannunka. Sha biyu saura kwata. Idon Yaya ya kawo ruwa, kai kuma dabara ta ƙare maka. Kar ka nuna.

6. Matsa gefe da mutunci

Malam Direba zai shigo da soso a hannu, yana huci: "An ce za a cire ni a sa sabo?" Zai leƙa kwamfutar, ya zaro igiyar cajinsa, ya jona wayarsa da kwamfutar, ya taɓa wuri biyu. "Haka nake ba Alhaji intanet in muna hanya. Anti, danna."

Ana saura minti huɗu a rufe, takarda za ta tafi. Yaya za ta yi tsalle har ta ture kujera, tana dariya tana share hawaye. Kai kuma ka gyaɗa kai a hankali, ka ce, "Ai na faɗa muku, maganar direba ce."

A kula

Ba ruwana da abin da ya biyo baya. Alkawarina shi ne sunan Injiniya ba zai bar gidanku ba, bai kuwa bari ba: ga shi can Goggo na kiran Malam Direba da shi, har da ba shi kujera. Kai kuma karɓi soso, motar ba ta gama wankuwa ba.