Yadda Za Ka Karanta Littafin Mashaya Jini Ba Tare da Mutuncinka Ya Zube Ba

Idan kai mutum ne mai suna a harkar karatu, irin wanda ake rage murya in ya shigo ɗaki, sai tsautsayi ya sa ka leƙa littafin nan na gawarwakin da ke tashi su sha jinin mutane har ya kama ka, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni na lamunce maka za ka karance shi tas, har da ɗan hawayenka, ba wanda zai ji labari. An gwada hanyar a kan wani malamin adabi na makarantar 'yan mata, wanda ɗalibai suka raɗa wa Malam Ƙamus, ta kuma yi aiki sarai har zuwa inda ya sa son ransa a ciki. Da shi za mu riƙa misali.

Mataki na 1: Fara da raina karatun kowa

Nemi littafi mai kauri, wanda in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an ɗaure masa yatsa, ka riƙa yawo da shi a hammata. Ba dole sai ka buɗe ba. Masana sun tabbatar cewa ilimi yana shiga ta hammata in aka daɗe.

Daga nan sai ka bi mutane ɗaya-ɗaya. Malam Ƙamus gwani ne a nan. Malamar Lissafi ba ta riƙe littafi, sauraro take yi a waya, ta ƙara masa gudu har mai karantawar ya koma kamar ɗan gwanjo. "Malama, wannan ai ba karatu ba ne," in ji shi, "rediyo ne kike wahalar da shi." Shugaban makaranta kuwa littattafan sirrin nasara yake saye, ya karanta babi na farko, ya tara malamai ya yi musu jawabi a kai, ya jera shi a kanta. Wannan ba a raina shi a gabansa, sai ya fita. A gida matar Malam na bin labaran soyayya da ake sakowa a waya kullum shafi biyu, ita da ƙawayenta suna faɗa da marubuciyar in ta yi jinkiri. Malam ya sa wa abin suna gulma mai babi-babi.

Kada ka damu in ba ka da abin da kai kake karantawa. Mai raini ba a tambayarsa.

Mataki na 2: Yi wa wani a bainar jama'a

Suna ba ya kafuwa sai an ga ka yi hukunci. In da hali, zaɓi na jikinka, don a ce ba ka da son kai.

Autar Malam tana cikin ajin da yake koyarwa, yarinya mai cin littafi kamar gara. Ran nan ya hango kanta a sunkuye ƙarƙashin tebur, ya lallaɓa ya zare abin da ke cinyarta. Wasu shafuka ne ɗinke da baƙin zare. Dalili kuwa, littafi ɗaya ne ajin gaba ɗaya ke rububi, shi ya sa 'yan matan suka farke shi kashi biyar, suka ɗinke kowane kashi daban, in wannan ta gama ta miƙa wa ta kusa. Na farkon ne ya shigo hannun Malam.

Ya tsaya gaban allo, ya maƙale murya, ya karanta musu shafi guda yana zare ido yana kaɗa yatsu. Aji ya kwashe da dariya, tunda malam ya yi alamar a yi.

"Duk wadda ta saba da irin wannan," ya ce yana duban Auta, "ƙwaƙwalwarta ruɓewa take yi, ko 'yar waye."

Auta ba ta yi kuka ba, teburinta kawai ta ƙura wa ido. Tun daga ranar ba a sake ganin littafi a hannunta ba, sai na jarrabawa. A gida ta gaishe shi a taƙaice, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Abin ya ɗan sosa wa Malam rai, don ita ce kaɗai a gidan da ke shigowa ta taɓa kantar littattafansa. Kai dai kada ka bari irin wannan ya dame ka. Ai abin da ka ce kana so ke nan.

Mataki na 3: Karanta, amma da sunan bincike

Likita ma sai ya kalli ciwo kafin ya yi magani. Riƙe wannan hujja da kyau, za ka buƙace ta.

Da aka tashi tara, Malam ya shige ɗakin ajiyar alli, ya zauna kan kwalin tsofaffin takardun jarrabawa, ya ce bari ya ga iyakar shirmen. Labarin wani mai gyaran agogo ne da mashayin jini ya cije shi a wuya, ya mutu, aka binne shi, ya tashi. Ba ya iya fita rana, ba ya tsufa, ba ya kuma iya shiga gida sai an ce masa shigo. Ya bar 'ya ɗaya a duniya. Sai ya riƙa zuwa yana tsayawa a bakin ƙofarta, ga kewa ga ƙishirwa, shi kansa bai san wanne ya kawo shi ba.

Kashin ya ƙare yarinyar ta ɗora hannu a kan sakata. A tsakiyar jimla ma ya ƙare, don masu farkewar ba su duba ba. Malam ya juya shafin, ya sake juyawa, ya girgiza shi ko wani abu zai faɗo. Sai a lokacin ya lura an daɗe da buga ƙararrawa, wani aji na can na jiransa.

Mataki na 4: Ci gaba da ƙwace, amma kada ka bi lamba

Yanzu kana buƙatar kashi na biyu. Ba za ka saya ba, mai kantin littattafai ya san fuskarka. Ba za ka ara ba. Ƙwace ya rage maka, kuma aikinka ne. Sai dai ka ƙwace duk abin da ka samu, ka nuna ba ruwanka da na nawa ne.

A nan Malam ya fara kauce wa hanya. Ya kama wata da kashi na uku, ya dubi lambar shafi, ya miƙa mata abinta.

"Ɗauki tarkacenki, kada in sake gani."

Sannan ya bi layin yana zazzage jakunkuna har ya dace da na biyu, ya sa a aljihu ya fita da sauri. Monitar ajin ta bi shi da kallo, ta dubi ta kusa da ita. Daga ranar, duk lokacin da Malam ya gama kashi, sai ya tarar da na gaba a kan teburin wata, a buɗe, ita kuma tana kallon silin. Malam ya ɗauka idonsa ne ya ƙara kaifi.

Mataki na 5: Bar jan biro a gida

In ka manta duk sauran, kada ka manta wannan. Hannun malami ba ya zama haka nan. Mutumin da ya tsufa yana duba rubutun yara ba zai iya riƙe takarda ba sai da jan biro tsakanin yatsunsa, kuma biron ba ya neman izini.

A kashi na farko Malam ya yi abin da ya dace da matsayinsa. Ya rubuta a gefe: "Shirme." Can gaba: "Ina hujja?" A na biyu hannun ya fara laushi: "Siffantawar ba laifi." A na uku, inda kawun yarinyar ke rantse mata cewa abin da ke bakin ƙofa ba ubanta ba ne, biron ya ce: "Kada ki saurare shi, gidan yake so." A ƙarshen na huɗu kuwa, rubutun har ya huda takarda: "Buɗe masa mana, 'yar nan. Ubanki ne."

Bai ma san ya rubuta ba. Ya jefa su a durowar kayan da aka ƙwace, cikin madubai da jan baki da wayoyi.

Mataki na 6: Ɗaure harshenka

Mai sabon sani bakinsa ƙaiƙayi yake yi. Wata rana a ofishin malamai hira ta gangaro kan abin da yara ke karantawa. Malamar Lissafi ta cire abin kunnenta ta ce ita abin da ke ba ta tsoro da mashaya jinin nan, ko ka kulle ƙofa sai su shigo.

"Ba sa shiga sai an gayyace su," in ji Malam, kansa na kan takarda.

Malaman suka juyo suka dube shi.

"Haka dai na ji yaran na faɗa," ya ƙara, ya jawo littafinsa mai kauri ya buɗe shi a juye.

Malama ta mayar da abin kunnenta, amma ba ta kunna ba.

Mataki na 7: San ranar da ake buɗe durowa

Kashi na biyar ya ƙi fitowa. Malam ya zazzage jakunkuna har ya haddace abin da ke cikin kowacce. Ya rame. Matarsa ta tambaye shi ko hawan jini ne, ya ce tunanin makomar ilimi ne. Gaskiyar magana, so yake ya san ko yarinyar ta buɗe ƙofar, kuma duk faɗin makarantar ba wanda zai iya tambaya.

Cikin wannan hali ya manta da dokar da shi da kansa ya kawo a taron malamai, cewa ranar ba da hutu a mayar wa kowa abin da aka ƙwace, don kada a ce malamai na cin kayan yara. Yana can yana sa hannu a sakamakon jarrabawa aka juye durowar a kan tebur. Monita ta tattara kashi huɗun, ta buɗe, ta ga ja. Kafin a rufe ƙofar makaranta ajin gaba ɗaya ya karanta Malam daga "Shirme" har zuwa "Ubanki ne." Sannan suka kai wa mai littafin. Na Auta ne dama, kuma kashi na biyar yana wurinta tun farko.

Mataki na 8: Ko za ka mutu, kada ka tambaya

Har yanzu da sauran mafita. Ka ce gyara ne. Ka ce wani ne ya kwaikwayi rubutunka. Ka haƙura da ƙarshen labarin, ka tsira da sunanka. Mutane da yawa sun rayu ba su san ƙarshen littafi ba, shugaban makaranta ma ga shi nan da ƙibarsa.

Washegari da hantsi Malam ya tsaya a ƙofar ɗakin Auta ya yi sallama. Ta amsa, ta buɗe, amma ba ta ce ya shigo ba, shi ma bai ɗaga ƙafa ba. Ya hango kashi huɗun a shimfiɗe kan gadonta, jan rubutun a sama.

"Baba, wannan rubutunka ne?"

"Gyara ne. Aikina ke nan."

Ta ɗauko na huɗu ta nuna masa da yatsa. "Nan kuma me aka gyara?"

Malam ya dubi rubutun, ya dubi ƙasa. Duk hujjojin da ya shirya suka watse, sai abin da ke cin ransa ya fito da kansa.

"Auta, ta buɗe masa?"

"Ban sani ba, Baba. Ban karanta ba. Tun ranar da ka ce ƙwaƙwalwata ruɓewa take yi ban ƙara buɗe littafin labari ba. Ko na ɗauka, muryar nan da ka yi a aji nake ji."

Kunya ta kama Malam, irin wadda bai taɓa ji ba, da baƙin ciki a kanta. Shekara da shekaru yana kukan yaran yanzu ba sa karatu, ga guda ɗaya da ke yi a gidansa, shi ya hana ta.

"Ba ni in karanta mana," ya ce a hankali.

"Zan ba ka. Amma a inda ka fara karanta mana shi, can za ka ƙarasa. In an dawo hutu, a gaban allo. Da muryarka ta gaske."

Haka Malam ya cinye hutun nan bai san ƙarshen labarin ba. Ranar da aka dawo ya ajiye littafinsa mai kauri a kan tebur, ya karɓi kashi na biyar daga hannun 'yarsa, ya karanta wa aji daga inda zaren ya fara. Kusa da ƙarshe ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ba wadda ta yi dariya. Malamar Lissafi na tsaye a taga, abin kunnenta a hannu. Da ya kasa ci gaba, Auta ta taso ta karɓa ta ƙarasa shafin.

Mutuncin da ya yi shekaru yana ginawa ya tafi a darasi ɗaya. Yanzu ko ya ɗaure fuska ba mai tsoronsa, 'yan aji ɗaya ma tare shi suke a baranda su tambaye shi wanne ya kamata su fara da shi. Wannan shi ne sakamakon wasa da Mataki na 5 da na 8.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ramewa, makara zuwa aji, kallon da abokan aiki za su riƙa yi maka, duk naka ne. Kada kuma a tare ni a hanya ana tambayata ko yarinyar ta buɗe ƙofar, a je a nemi kashi na biyar. Wanda ya yi kuskure irin na Malam Ƙamus, shi ya jiyo. Wanda kuwa ya bi matakan nan daidai bai kauce ba, sunansa zai tsira, ba mai sanin abin da ya karanta, 'yarsa kuma ba za ta ƙara buɗe littafi ba. Kada ya zo mini da ƙorafi, mutunci kaɗai na yi masa alkawari.