Kwalaben Yaya Nasiru

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun Yaya Nasiru ba, kuma duk lokacin da na tuna ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya Nasiru wana ne, ciki ɗaya. Shekara huɗu ya yi yana yawo a fadamun bakin kogi inda ruwan masana'antu ke malala. Ya lura wata shinkafar tana yin kore shar a inda 'yan uwanta ke ƙonewa da gubar dalma, ya gano wasu ƙwayoyin bakteriya ne a cikin jikinta suke taimaka mata ta jure. Su yake raino don digirinsa na uku. Duk wannan daga baya na fahimta. Lokacin da yake bayani, ni tsokanarsa nake yi da "Dakta mai shinkafa", ina latsa waya.

Hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar Zariya. Na taso daga Kinkinau na tare a gidan Hajiyarmu a Unguwar Rimi, na kama aiki ba ji ba gani, don in na zauna kuka zan yi. (Dama a danginmu ni ce gwanar tsafta, kuma ina son a faɗa.) Ranar sadakar ukun, masu gaisuwa sun yi yawa, babu inda za a sanyaya ruwa. Na buɗe ƙaramin firjin ɗakinsa, na tarar da ƙananan kwalabe cike da wani abu mai yauƙi. Na ce, Allah sarki, zaman gwauro. Na zubar, na wanke su da sabulu da tafasasshen ruwa, na jera ruwan leda.

Bayan la'asar malaminsa ya shigo, wani dattijon farfesa. Ya yi addu'a, sannan ya ce, "Hajiya, marigayi ya kawo wasu kwalabe nan saboda kuna da sola, mu wutarmu ba tabbas. Su kaɗai suka rage. In mun same su, za mu ƙarasa aikin da sunansa."

Ranar ce Hajiya ta fara murmushi. "Auta, ɗauko musu."

Na kawo su a faranti suna ƙyalli. Har da cewa, "Ai na wanke su tas, Malam."

Ya ɗaga ɗaya ya duba. Ya daɗe. "Duka?"

"Duka."

A fuskarsa na gane abin da na yi. Hajiya ta ce, "Za su yi dai ko?"

Ya kalle ni, ya kalle ta. "Za su yi, Hajiya."

Har yau takan tambaye ni yaushe littafin Nasiru zai fito, ni kuma in ce ana kai. Na dai koyi tambaya kafin in wanke kayan wani. Sai dai wanda ya kamata in tambaya ba ya nan.