Geron da Ya Jira Tauraro

Ba zan taɓa mantawa da wahalar da na sha a kakar nan ba, kuma ba wanda ya ɗora mini ita sai bakina.

Ni manomi ne a wajen Faskari. Bokona aji huɗu ne, a nan na tsaya. Amma ina da ɗiya, Hafsatu, tana jami'a tana karatun taurari (haka nake faɗa wa mutane, ainihin sunan karatun ba ya zama a bakina). Tun da ta tafi ake yi mini shaguɓe a majalisarmu ta gindin ɗorawa. Wanda ya fi kowa shi ne Malam Idi, dattijon da ke riƙe mana lissafin taurarin damina. Shi ke cewa tauraro kaza ya shiga, a yi shuka. Tauraro kaza ya fita, ruwa ya kusa ɗaukewa. Kullum sai ya ce, "Ɗanlami, abin da nake yi kyauta a kan buzu, shi ka kai ɗiya birni ta koyo?"

Da ta zo hutu a farkon damina, sai ta ba ni wani labari. Ta ce akwai taurari biyu da ke zagaya juna, ɗaya ƙato ne ya tsufa ya kumbura, ɗayan ɗan mitsitsi amma nauyi gare shi. Ƙaramin yana zuƙar iskar jikin babban, kamar yadda nake zuƙo fetur da tiyo daga jarka, yana tarawa a bayansa. Idan ta taru ta matsu, sai ta kama da wuta ta yi bindiga. Na ce wace irin wuta, ba itace ba kalanzir? Ta ce ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, in matsi da zafi suka yi yawa sai su haɗe, zafi ya fito, kuma da irin wannan wutar rana take ci. Ta ce duk bayan shekara tamanin ko kusa da haka yake yi, kuma masana suna sa ran ya yi kwanan nan, har a ga sabon tauraro da ido na 'yan kwanaki.

Na ce yaushe? Ta ce, "Wataƙila kafin watan tara, Baba. Wataƙila fa."

To, ni tauraron da na sani ba ya saɓa rana. In Malam Idi ya ce kwana goma sha uku, kwana goma sha ukun ne. Saboda haka na bar "wataƙila" a tsakar gida, na ɗauki sauran na kai majalisa. Na zana musu da tsinke a ƙasa, ga babba ga ƙarami. Malam Idi ya saurara har na gama, ya ce, "Ba ya cikin lissafina."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ku shaida, ba zan sa magirbi a gerona ba sai tauraron nan ya fashe."

Kowa ya shaida. (Ban taɓa ganin mutanen nan sun haɗa baki da sauri irin na ranar ba.)

Gero ya nuna. Maƙwabtana suka girbe, suka ɗaure, suka kai rumbu. Nawa yana tsaye shi kaɗai a fili. Duk tsuntsayen jan-baki da ke yankin, da suka rasa na ci a sauran gonaki, sai suka yi sansani a tawa. Da rana ina kaɗa gwangwani ina korar tsuntsu, bayan magariba ina ɗaga kai sama har wuyana ya ƙage. Mai ɗakina ta ce, "Malam, tauraron ne za mu tuƙa a tukunya?"

Ana haka aka yi ɗaurin auren ɗan wani aminina a Ruwan Godiya, muka tafi duk majalisar. Bayan an shafa fatiha muna zaune ana cin waina, Malam Idi ya dube ni a gaban baƙi ya ce, "Mai tauraro, ya jikin gero?"

Aka yi dariya. Ni kuwa na ce yau zan rufe bakin kowa. Na ciro waya, na kira Hafsatu, na buɗe murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Ki gaya wa Malam ranar da zai fashe."

Ta gaishe su da ladabi, sannan ta ce, "Baba, ai ba wanda ya san ranar. Yana iya yi gobe, yana iya kai wasu shekaru." Ba ta tsaya nan ba. "Kuma in gaskiya za a bi, ya riga ya fashe tun tuni. Nisa ne ya yi yawa, haskensa shekara dubbai yake yi a hanya kafin ya iso mu." Sai ta sassauta murya, ta manta duniya na ji: "Baba, wai da gaske ne abin da Inna ta ce game da geron?"

Wainar da ke hannuna ban san inda na ajiye ta ba.

Malam Idi bai yi dariya ba, wannan ya fi ƙona ni. Ya karɓi wayar ya ce, "Ɗiyata, wanda ya ce ban sani ba, shi ya yi karatu. Allah ya yi miki albarka." Ya miƙo mini ya ce, "Ɗanlami, tunda ya riga ya fashe, ai maganarka ta cika. Je ka girbe abinka."

Ka ga, ɗiyar ta fita da mutuncinta, dattijon ya fita da nasa, ni na fita da tsinken zane. Abin da na koya ɗaya ne: in mai ilimi ya ba ka magana da "wataƙila" a jikinta, kada ka cire ta don ta yi maka nauyi. Ita ce rabin maganar.

Washegari da na idar da sallar asuba na saɓa magirbi na tafi gona. Dami bakwai na samu a inda nake samun ashirin. Tsuntsayen ma ba su tashi da suka gan ni ba, sun saba da ni.