Oga Bai Yi Nisa Ba

Jama'a, ranar Litinin na je buɗe shagon ɗinkina, sai na tarar an shafa wa ƙofar jan fenti, alamar rusau. Wai barandata ta ci titi da inci huɗu. Takardar izinina tsaf take, sa hannun Mai Girma Sarkin Duba Layi kawai ya rage, katafila kuwa ranar Alhamis za ta zo.

Zuwa da kai ya fi saƙo, na garzaya ofishinsa. Ga hularsa a kan tebur, ga tabarau a kan jarida, fanka tana ta yi wa kujera fifita.

"Oga bai yi nisa ba, Baba," in ji sakatariya. "Zauna."

Na zauna. Talata ma na zauna. Ran Laraba masinja ya ji tausayina, ya raɗa mini cewa Oga yana wani birni a wata nahiya, can bayan teku, wurin taron koyon yadda ake kusantar talaka. Awa goma sha uku a jirgin sama, kilomita dubu tara da ɗoriya.

Raina ya ɓaci, na koma wurin sakatariya. "'Yar nan, ki ji tsoron Allah! Kilomita dubu tara ne bai yi nisa ba?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta nuna taswirar duniya da ke bango. "Baba, kai ba tela ba ne? Gwada mana."

Na zare tef daga wuyana, na ɗora daga garinmu zuwa can. Inci uku da rabi.

"To ka gani," ta ce. "Barandarka ma ta fi shi nisa."

Shekara talatin ina aiki da tef ɗin nan, bai taɓa ba da shaida a kaina ba sai ranar. Na ce to a aika masa takardar ta waya ya sa hannu. Ta ce haba, doka ta hana, sa hannu sai ido da ido. Madalla da doka!

Alhamis da hantsi katafila ta iso. Na tare direban, na ce, "Ɗan'uwa, dakata! Oga ba ya ƙasar, wa ya ba ka izini?"

Ya juyo mini da wayarsa. Ga saƙon Mai Girma, ya iso da asuba, har da hotonsa a bakin teku yana murmushi: "A ci gaba da aiki."

Ashe nesa ta zo kusa, mu ne ba mu da labari. Umarnin rusau yana ƙetare teku kafin ka ƙifta ido, sa hannu ne kawai yake tsoron hawa jirgi.

Yanzu keken ɗinkina yana tsakar ɗaki, mai ɗakina tana tsallake shi tana tsaki. Idan jirgin Mai Girma ya gifta ta samanku, don Allah ku ɗaga masa hannu a madadina. Nawa hannayen suna riƙe da ƙofar shago, ita kaɗai aka bar mini.