Rasuwar Ruzha, Motar Kawu Radoje

Da zuciya cike da baƙin ciki, da farata cike da baƙin mai, Kawu Radoje na bayan coci yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Ruzha, wadda ta cika ranar Talata a tsakar gida, ana gobe za a kai ta gwajin lafiya na shekara.

Marigayiya ta yi zaman haƙuri. Ta ɗauki dankali, ta ɗauki tukunyar dafa barasar gida da ake kira rakiya, ta ɗauki alade mai ciki, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ta tashi sai an tura ta gangaren coci, ta yi "kyaf-kyaf-kyaf, gurrr", kowa ya san gari ya waye. Birkinta kuwa sai an haɗa da addu'a.

Kamar kowace shekara, ƙauye ya haɗa mata kayan gwaji. Vidoje mai shago ya ba da aron tayoyi, fada, limamin coci, ya ciro fitilar motarsa, malamar makaranta ta kawo abin kashe gobara. Da haka take tsallakewa, da yamma a mayar wa kowa nasa. Bana ne Radoje ya tsorata, don 'yarsa Biljana ta bugo waya daga Jamus: "Baba, in ta faɗi, ka gama zaman ƙauye kai kaɗai. Ɗakinka na nan, har labule na sa." Tsoro ya sa ya yi abin da bai yi ba tun rasuwar matarsa Stanka. Ya wanke ta.

Vidoje ya leƙo ta katanga. "Kai tsoho, ajiye tiyon nan! Ai lakar ce ke riƙe da ita!"

"Je ka auna sukari," in ji Radoje.

Ruwa na zuba, laka na sauka, mota na bin laka. Ƙofar baya ta faɗi, salansa ya bi ta. Da ya shiga ya murɗa makulli, ƙasan motar ya ɓurme, sai ga ƙafafunsa a kan ciyawa. Ta ce "kyaf" sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Alhamdu lillahi, ta tafi da tsabta.

Ta rasu ta bar tayoyin Vidoje, da fitilar fada, da kaza mai kwanci a but, da dattijo ɗaya da ya daina cin abinci.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Duk mai kaya a jikinta ya zo da sifanarsa, abin da ya rage mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗauka. Akwai rakiya da kofi. Ana roƙon masu ta'aziyya su haɗa da sallama, don Biljana ta riga ta saya masa tikitin bas na Lahadi. Ana neman mai riƙon kazar. Kujerar gaba, inda Stanka take zama, kada kowa ya taɓa. Radoje ya je tasha ya tambaya ko kujerar za ta shiga bas, an ce masa jaka ɗaya kawai.