Kwamfutar da Ta Ce Ba a Haifi 'Yata Ba

Jiya na yi sammako zuwa ofishin da ake ba da takardar haihuwa, domin ranar za a rufe ɗaukar ɗalibai a makarantar da autata ta ci jarrabawar shiga. Takarda ɗaya tak suka ce in kawo.

Akawu ya yaye ƙyallen da aka lulluɓe kwamfuta da shi, ya danna maɓalli. Ta yi ƙara ɗit, fankarta ta hau huci.

"Baba, sai haƙuri," in ji shi. "Ba ta tashi kai tsaye. Sai ta duba kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa agogonta, sannan ta taso babbar manhajar da ke juya sauran."

Na ce ai ko ni haka nake tashi, sai na tambayi gwiwoyina tukuna.

Da ta gama miƙa, ya shigar da ranar haihuwar yarinyar, ta ƙi karɓa. Ashe akwai wani ɗan batiri a cikinta kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata kwanan wata in an kashe ta. Ya mutu tuntuni, saboda haka kullum ta farka sai ta koma shekarar da aka ƙera ta, shekara ashirin baya.

"A wajenta, Baba, ba a haifi 'yarka ba. Saura shekara takwas."

"Yarinyar da ta cinye min burodi da safen nan?"

Na ce to a gyara mana. Ya ce aikin minti ɗaya ne, ana yi daidai lokacin da take tashi, amma taɓa kwanan wata sai da sa hannun Mai Girma Uban Ofisoshi, shi kuwa yana ƙasar waje wurin taron zamanantar da aiki. Batirin kuma an kafa masa kwamiti.

A hanya na ba maƙwabcina tela labari. Ya ce, "Wa zai gyara? A lissafin kwamfutar nan, famfon da manya suka yi mana alkawari ko makara bai yi ba." Wallahi na sara wa manyanmu, wannan basira ba a makaranta ake koyonta ba.

Ƙarfe huɗu aka rufe rajista. Na tarar da autar a ƙofar gida, rungume da sabuwar jakarta.

"Baba, ka samo?"

Na kasa haɗa ido da ita, raina ya ɓaci ƙwarai.

Manya, ranku ya daɗe, in lokacin haihuwar ya yi a lissafin kwamfutarku ku aiko mana. Sai dai mahaifiyarta ta ce wannan karon ku za ku yi naƙudar.