Dajin da Aka Gano a Kan Rufin Gidajenmu

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Taswira da Kare Halittu,
wanda idonsa ke sararin samaniya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga manya, da fatan sanyin ofis bai yi maka yawa ba. Ni tela ne, shagona yana jikin gidana a layin bayan makarantar firamare, kuma ina rubuto maka ne daga tsakiyar ƙungurmin daji, kamar yadda taswirarku ta tabbatar.

Na ɗaya, muna godiya da wannan daji. Mun tsufa a layin nan ba mu san da shi ba. Abin da muka sani, shekarar da iska ta yaye mana rufi, koren kwano kaɗai ya rage wa mai sayar da kayan gini, kowa ya rufa da shi. Ashe tauraron ɗan Adam ɗinku ya leƙo, ya ga kore shar, kwamfuta ta rubuta bishiyoyi. Wa ya isa ya yi musu da abin da ke sama?

Na biyu, jami'inku ya zo, yaro mai ladabi, na'ura a hannunsa. Ya tsaya a tsakar gidana tsakanin igiyar shanya da randa, ya nuna mini wani ɗigo a allon na'urar, ya ce wannan ɗigon ni ne, kuma ina ƙarƙashin inuwa mai duhu. Na kawo masa kujera, ya zauna a rana yana sharce gumi. Maƙwabcina kafinta ya roƙe shi ya ɗaga kai ya dubi sama, ya amsa cewa duban sama aikin wani sashe ne. Allah ya yi masa albarka, bai ƙetare iyakar aikinsa ba.

Na uku, akwai fadama a bayan layinmu, ko in ce akwai ta da. Zalɓe da shamuwa suna sauka cikinta, kunkuru yana fitowa shan hantsi, ruwan unguwa duk can yake gangarawa. An ce ranar da aka ɗauki hoton gajimare ya rufe wurin, sai ya fito fari fat, kwamfuta ta ce fili ne da ba kowa. Ba a sake ɗauka ba, don kada a wahalar da tauraro. Kuka ba wani kamfani fadamar, ya cike ta da ƙasa, ya gina ɗakin taro, ya zana ƙaton zalɓe a jikin ƙofar shiga. Zanen ya yi kyau, ranka ya daɗe. Shi kaɗai ya rage.

Na huɗu, ruwa bai ga taswirar ba. Da damina ta sauka ya nemi fadamarsa ya rasa, ya shigo ɗakunanmu. Kekena na ɗinki yana kan bulo, kayan mutane suna rataye a jikin silin. Mahaifiyata, wadda ƙafa ta daina ɗaukarta, muna ɗaga gadonta da ita a kai, ni da ƙanena, tana tari tana tambayar ko mun yi ƙaura ne ba a gaya mata ba. Na ɗauki shebur zan haƙa kwata, aka aiko mini da gargaɗi cewa tona ƙasa a cikin daji yana firgita namun daji. Waɗanne namun, ranka ya daɗe? Akuyar kafinta ce, ko kwaɗin da suka tare a ƙarƙashin gadon tsohuwa tun da kuka kore su daga gidansu? In su ne, ku kwantar da hankalinku, suna ƙiba.

Na biyar, makon jiya aka zo da jan fenti aka yi wa katangunmu alama, wai mun yi gini ba bisa ƙa'ida ba a cikin keɓaɓɓen daji, za a rushe. Matata ta fara ɗaure kwanuka a zani, ba ta san inda za mu kai su ba. Ni kuwa ku nake tausaya wa. Ranar da katafila ta sauke rufin nan, tauraronku zai leƙo ya ga dajin ya ɓace a wuni ɗaya. Me za ku gaya wa baƙin da kuka tara a ɗakin taron nan, suka tafa muku kan yawan bishiyoyin da kuka ceto? Wa za a kama da laifin sare daji?

Saboda haka ba na roƙon a fasa rusau, na san taswira ba ta kuskure. Alfarma ɗaya nake nema: a umarci direban katafila ya jira mu kwance kwanon da hannunmu, kada ya lanƙwashe. Duk inda Allah ya jefa mu za mu kafa shi mu sa tsohuwa a ƙarƙashi, ku kuma kun samu sabon daji ba ku dasa ko tsinke ba.

Allah ya ƙara wa tauraronku gani, ya kare shi daga gajimare.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Tela,
a madadin sauran halittun dajin.